Tsakuwar Bayan Shago

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ke da tukwanenki da ma'aikatan hanyar nan da kike dafa wa abinci. Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarki. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce a sansanin naku ko dutse mutum ya hau waya ba ta kamawa, don haka ga takarda, ki yi haƙuri da rubutuna mai kama da tafiyar kaza.

'Yarki Aku tana nan yadda kika bar ta, bakin nan ba ya hutawa. Ban san yarinya 'yar shekara huɗu inda take samo zance ba. Jiya ta tsare maigidana a bakin shagonsa na gyaran batir, wai me ya sa batirin mota yake shan ruwa amma ba ya fitsari? Mutumin naki sai ya ce in zo in ɗauki kayana. Ƙwanta kuwa ba fashi, kullum da safe, na kajinki ba na kasuwa ba, kamar yadda kika yi ta nanata mini har kunnena ya gaji.

To kajin ne ma suka sa na zauna rubutu. Da damina ta sauka ruwa ya riƙa kwanciya a akurki, sai muka mayar da shi bayan shago inda ƙasa ta fi tudu. Kin san halin kajinki, kwano ba ya minti ɗaya sai sun kifar. Maigidan ya yanka tsofaffin batura biyu ya wanke su tas, ɗaya na dusa ɗaya na ruwa. Nauyi gare su, ko zakaran ya hau ba sa motsi. Na ce yau dai sana'arka ta yi rana.

Amma kwanan nan uku daga cikinsu ba su yi mini ba. Jakar nan ta ƙasan wuya da suke tara abinci tana kwana a cike, da safe in na taɓa sai in ji ta luguf kamar an ɗura ruwa a leda. Bakinsu na tsami, kashinsu kore shar. Har da Malama, farar nan da Aku ta raɗa wa suna don tafiyarta ta ƙasaita. Ke ce kika san kaji, ni riƙo aka ba ni. Ki faɗa mini abin yi tun kafin in yi miki asara.

Aku ta tsaya a kaina wai sai na rubuta nata. Ga shi yadda ta faɗa: "Mama, Malama ba ta da lafiya, na ce ta sha magani ta harare ni. Ki sayo mini takalmi mai ƙara. Inna tana cewa in yi shiru amma ni ban gama ba. Kuma ƙadangare ya shiga takalmin Baba Mai Batir." Da sauran, hannuna ne ya gaji.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Na amsa sallama. Takardarki ta same ni ina tsakiyar yankan albasa, ga hawaye ga dariya, har mataimakiyata ta ɗauka wani abu ne ya faru. Ina lafiya, sai dai bayan nan nawa da ke ƙorafin manyan tukwane. Ki gaishe da Mai Batir, ki ce masa kunya ce yarinya ta ƙure shi a kan sana'arsa.

Yaya, na san ki sarai. Ragowar abinci kike zuba musu, mai maiƙo, wanda ya kwana, don ba kya iya ganin an zubar da komai. Ki daina. Shi yake tsami a jakar wuyan nan ya ƙi wucewa. Ki ware ukun nan, ki hana su abinci yini guda, ruwa kawai. Ki matse lemun tsami a ruwan shansu duka. Ki riƙa murza musu jakar a hankali da yatsa, kada ki kifa su da ka, shaƙewa suke yi.

Sannan tsakuwa. Kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar da ta haɗiye take niƙa abinci a ƙundunta. Tun da kin tsare su wuri ɗaya ba sa samun ta. Ki nemi ƙanana, kamar ƙwayar gero, ki zuba musu a gefe kullum. Kada ki yi ƙyuya a wannan, na roƙe ki.

Kajin nan su ne kaɗai abin da babanta ya bar mata da hannunsa, shi ya sa nake damunki. Ƙwan Aku kuma kada ya yanke, ko da guda ɗaya suka saka, nata ne. Ki ce mata takalmi mai ƙara yana nan zuwa, ta tausaya wa kunnen Innarta.

Ƙanwarki Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya gwargwado. Wato daga dajin ma sai da kika hango ragowar abincina? To na daina, Allah ya huci zuciyar likitar kaji.

Duk abin da kika ce na yi. Lemun tsami har yatsuna sun yi yaushi. Tsakuwa kuwa ban sha wahala ba, nan bayan shago inda maigidan yake narka kayan cikin batir akwai ta zube, ƙanana daidai yadda kika kwatanta. Na tankaɗe da rariya na cika gwangwani. Rububinta suke yi, musamman masu ƙyallin nan.

Sai dai Auta, abin gaba yake yi ba baya ba. Duk safiya in na buɗe akurkin sai na ƙirga su. Ɗaya ta mutu. Yanzu sun kai rabi masu kumburin. Suna ci amma ƙashin ƙirjinsu ya fito kamar wuƙa, fukafukai a sake, in sun taka sai su dafa ƙasa da baki. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta kulle nata kajin, ta daina barin 'ya'yanta shigowa, wai annoba ce. Amma annoba ai ba ta zaɓen gida, nata ko tari ba sa yi. Na je wurin mai sayar da maganin dabbobi, ya ba ni wani jan gari na zawo, ban ga ya yi komai ba.

Wani labarin kuma, 'yarki ta fara hankali. Surutun nan ya ragu sosai, sai ta samu gefen tabarma ta zauna shiru tana kallon kajin. Maigidan ya ce gidan ya zama kamar an ɗauke wuta. Ta ɗan yi kukan ciki, bayan gida yana yi mata wuya, abinci sai da lallashi. Ƙwan dai tana ci.

Na ce ta faɗi nata, ta ce: "Mama, cikina yana ciwo. Malama ta kwanta." Na ce sai me? Ta ce shi ke nan.

Yayarki.

*

Yayata,

Ina gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan don direba ya riga ya tada mota. Na ji daɗi da kika ce Aku ta fara nutsuwa, girma ne, dama na ce miki ba za ta dawwama a haka ba. Ciwon cikin ina jin tsutsa ce, ki saya mata maganinta. Ki ƙara mata ƙwai tun da shi take karɓa.

Kajin ne suka hana ni sukuni. Ban taɓa ganin tsamin jaka da ya ƙi jin abin da na faɗa miki ba. In wata ta sake mutuwa kada ki jefar. Ki daure ki farke ta, ki buɗe jakar da hanjin da ƙundun, ki rubuto mini duk abin da idonki ya gani, ko da kina ganin ba shi da amfani.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Ba zan ce miki lafiya ƙalau ba don ba na son yi miki ƙarya.

Na farke guda biyu, ina yi ina kau da kai. Jakar cike da dusar da ta yi kwanaki, wari kamar me. Hanjin ba tsutsa ko ɗaya. Ƙundun ne ya ba ni mamaki. Fatar cikinsa ta zagwanye ta yi kore, kuma cike yake da tsakuwar nan mai ƙyalli, sai dai duk ta goge ta yi sumul, launin toka, ga nauyi. Na danna ɗaya da wuƙa ta lotsa. Na kai wa maigidan a tafin hannu, ya duba ya yi dariya ya ce ai wannan dalma ce, ɗigon da ke zuba in yana narki. Ya ce ba komai ba ce, shekara da shekaru yana dama ta da hannu, me ta yi masa in ban da ciwon cikin nan nasa da ya saba da shi? To na dai faɗa miki tun da kin ce in faɗi komai.

Don kada a yi biyu babu, duk wadda na ga ta langaɓe sai in sa a yanka tun da ranta. Romon nake ba Aku, da hantar, ko ta samu ƙarfi. Ƙwai kuma na mayar mata biyu yadda kika ce, 'yan kaɗan ɗin da ake samu duk nata ne.

Auta, yarinyar nan tana ba ni tsoro. Na ba ta maganin tsutsa, babu canji. Ta yi fari fat. Tana riƙe kai tana kuka ba dalili, abin da ba halinta ba, jiya har cizo ta kai mini. Da safen nan ta taso daga tabarma za ta zo wurina sai ta yi tangaɗi ta dafa ƙasa. Wallahi sai da na tuna kajin, na yi maza na kori tunanin. Maigidan ya ce ciwon shawara ne, mai ɗinki ta ce kewar uwa ce. In direba ya dawo ban ga sauƙi ba zan kai ta asibiti.

Na ce ta faɗi saƙonta, ta kalle ni kawai ta juya fuska bango.

Yayarki.

*

YAYA,

Ki ajiye duk abin da ke hannunki. KADA KI SAKE BA AKU ƘWAI. Kada ki ba ta romo, kada ki ba ta hanta, kada ta sake taka bayan shagon nan. Ki ɗauke ta yanzu, yadda take, ki kai ta babban asibiti, ba kantin magani ba. Ki ce musu a auna jininta, gubar dalma ake nema. Ki tafi da tsakuwar nan a ƙulle a leda ki nuna musu.

Na karanta takardarki ban gane ba sai da na zo kan tangaɗin. Na ruga wurin ma'aikaciyar jinyar sansaninmu da takardar a hannu, ko ludayi ban ajiye ba. Tana zuwa kan dalma ta miƙe tsaye. Ta ce ƙundu niƙa ta yake yi kullum kamar dutsen niƙa, ta bi jinin kazar, ta tsayar mata da ciki, shi ya sa jakar ba ta saukewa. Daga jini ta shiga hanta, ta shiga ƙwai. Ta ce babba yana iya ɗaukar ta shekaru yana yawo, amma yaro ƙwaƙwalwa take nema. Ta tambaye ni a me suke shan ruwa, na ce a batir. Ta ce da me a ruwan? Na ce lemun tsami. Kallona kawai ta yi, Yaya, na gane tsamin ƙara narkar da dalmar yake.

Shirun da na ce girma ne! Innalillahi. Kada ki tsaya jiran direba, kada ki tsaya jin ta bakin Mai Batir, shi ma a auna shi. Don girman Allah ki tashi.

Auta.

*

Yaya,

Direba ya dawo mini da takardata. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, mota ba ta fita ba ta shiga, kuma an ce sai kogi ya janye. Da ya miƙo mini ita na ɗauka amsarki ce, sai na ga rubutuna.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Duk safiya in na fasa ƙwan ma'aikata a kasko sai in ce yanzu Yaya tana ɓare wa Aku nata, tana hura mata, tana cewa ci ki girma. Yau na ƙona abincin mutane gaba ɗaya, shugaban aiki ya zo zai yi faɗa, ya ga fuskata ya koma.

Akwai wani mai kamun kifi da ya yarda zai haye da kwalekwale, amma ya rantse ba zai ɗauki mutum ba a wannan ruwa. Na ba shi takardun biyu a cikin kwalba, ƙaninsa mai babur zai kawo miki har ƙofa. Ki fara karanta ta farkon. Ni kuma zan bi gaɓa da ƙafa zuwa inda aka ce ruwan ya yi faɗi ana iya ratsawa. Aikin in sun ga dama su riƙe mini, in sun ga dama su ba wata.

In ƙwai yana hannunki lokacin da wannan ta iso, ki jefar da shi.

Auta.

*

Auta,

Na bar wannan takardar wurin mai ɗinki, ta ba ki in kin iso. Ba ma gida. Muna babban asibiti, ɗakin yara, gado na ƙarshe kusa da taga. Tana da rai. Na fara da wannan don na san ki.

Takardunki sun zo a makare da yini guda. Ana gobe za su iso, ina ba ta ƙwan a baki sai jikinta ya sandare, idanu suka juye, ta hau jijjiga. Ban san sanda na fita titi ba ɗankwali ba. Muna asibitin suna ta neman zazzaɓi ba su samu ba, sai ga maigidan da kwalbarki. Likitar ta karanta, ta sa aka ɗebi jini nan take. Abin da kika faɗa ne. Sun fara mata maganin da ke fitar da dalmar, sun ce za su tura ku asibitin birni inda aka fi sanin abin.

Maigidan ma an same ta a jininsa. Da aka faɗa masa sai ya tashi ya fita. Ya koma gida ya rufe shagon, ya yanka sauran kajin ya haƙa rami mai zurfi ya binne, har da Malama. An ce sai an kankare ƙasar bayan gidan duka an zubo sabuwa.

Auta, ni ban haihu ba, kin sani. Tun ranar da kika tafi, ni da shi ko ƙwai ɗaya ba mu taɓa kaiwa baki ba. In ya miƙa hannu sai in buge, in ce na Aku ne. Da mun raba uku da abin bai kai haka ba. In kin iso zan ba ki wuri in koma gida, ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Sallama. Ina gaishe ki, ina gaishe da Mai Batir, ina fata yana shan maganinsa ba gardama. Muna asibitin birni har yanzu. Ƙafafuna da tafiyar nan ta kumbura sun sace, na fara sa takalmi.

Kin gudu kafin in gama wanke fuska, kuma mai ɗinki ta aiko cewa ko ƙofar gida ba kya leƙawa. To ki saurare ni, don ba zan maimaita ba. Ke kika tankaɗe tsakuwar, ni na ce a nemo ta. Ke kika matse lemun, ni na rubuta. In za a zauna rabon laifi sai mu kwana muna yi, ni kuma ba ni da wannan ƙarfin. Da ba ki farke kazar nan kin rubuto mini abin da kika gani ba, da har yau zazzaɓi ake nema.

Jijjigar ba ta dawo ba. Tana cin abinci, tana takawa zuwa bakin ƙofa in na riƙe mata hannu. Dalmar tana sauka a jininta sannu a hankali. Na tambayi likitan ko za ta koma yadda take. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, wani abin yana dawowa, wani ba ya dawowa, sai ta fara makaranta za a gane. Tsoron nan da shi nake kwana da shi nake tashi, Yaya, kuma ba na son in riƙe shi ni kaɗai. Na kawo mata takalmin mai ƙara. Ta sa, ta taka, ya yi ƙara, ta dube shi kawai.

Tun da muka zo ba ta haɗa kalma uku a jere ba. Ɗazu ta gan ni da biro da takarda, sai ta jawo gefen zanena. Na ce mene ne? Ta ce, "Nawa." Na gyara zama, na ce faɗi ina rubutawa. Ga shi yadda ta faɗa:

"Inna ki zo. Ki zo da ………"

Nan ta tsaya. Farar kazarta take nufi, na gani, don ta ɗaga haɓa tana kwaikwayon tafiyar. Bakinta ya yi ta motsi tana neman sunan, sunan da ita da kanta ta raɗa. Yana kan harshena, na cije ban faɗa mata ba. Ta nema ta nema, sai ta kwantar da kai a cinyata.

Ban gaya mata an binne kazar ba, wannan sai kina kusa. Wurin sunan kuma na bar shi yadda kika gan shi, ban cike ba. Ki taho da takardar nan a jakarki, Yaya, ko in ta gan ki ta tuna.

Ƙanwarki Auta.